Sunan da Kabira Ta Ƙi

Kabira 'yar Maraɗi ce. Ta zo aikin hajji da ƙuruciyarta, ba ta koma ba. Kunun gyaɗa da ƙosai take sayarwa a wani lungu kusa da tashar bas ta Kudai a Makka, tana rataye 'yar fitilar caji a jikin sanda saboda lungun da duhu.

Doguwa ce ƙwarai, tun tana yarinya ake tsokanarta da tsawon, har ta saba tafiya a sunkuye.

Cikin masu sayen kununta akwai Baba Abdulbaƙi, tsohon tela, wanda iyayensa suka shigo Makka ta Sudan. Kullum bayan magariba yakan sauko daga bas ya ce, "Sannu, Manara."

Abin da Kabira ta sani, manara hasumiyar masallaci ce a bakin mutanen Makka. Ta daɗe tana haɗiye abin. Ran nan a gaban mutane ta ajiye ludayi.

"Baba, da furfurarka kake yi mini ba'a? Ni na halicci kaina? Halas, shi ke nan, ka nemi kunu wani wuri."

Tsohon ya juya yana laluben bango.

Washegari 'yarsa Mubina ta zo.

"Yaya Kabira, ba tsawonki yake nufi ba. A tsofaffin waƙoƙin Larabci da ya haddace, manara gini ne a bakin teku, ana kunna wuta a samansa don jiragen ruwa su gane hanya. Idon Baba ya kusa tafiya. In ya sauka daga bas, fitilarki kaɗai yake gani, da ita yake gane kwanar gidanmu."

Kabira ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ƙosai ya ƙone a kasko tana kallo.

Da la'asar ta ɗauki kunu ta je gidan, ta durƙusa a bakin ƙofa ta miƙa wa tsohon. Ya karɓa, ya sa mata albarka, ya ce laifinsa ne da bai yi bayani ba. Wannan ya fi komai yi mata nauyi.

Ya ci gaba da zuwa har shekarar da ya rasu, amma "Hajiya Kabira" yake ce mata. Sau da yawa ta yi niyyar roƙonsa ya koma wa tsohon sunan, kunya ta hana ta. Yanzu jikokinsa ne ke zuwa sayen ƙosai, da Larabci suke gaishe ta.