Man Kaɗanya Ranar Gwaji

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba, shi ya sa na shiga water polo, ƙwallon da ake yi a ruwa ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Wani tsohon hoto ne ya ja ni, a bangon pool ɗin da muke ninkaya a unguwar Catford, nan ƙasar Turawa: Ba'amurke ɗan zamanin da, ƙato mai gashin baki, gwanin tseren ninkaya kuma ɗan ƙwallon ruwa. Coach ɗinmu ta ce a lokacinsu har shaƙe juna ake yi a ƙarƙashin ruwa. Na ce to, na samu wasana.

Ranar zaɓen team ɗin mata gurbi ɗaya ya rage, mu biyu muke nema, ni da wata 'yar Ghana. Ina ɗaura takalmi Mama ta tare ƙofa da kwanon man kaɗanya.

"Haka za ki fita fururu kamar an tono ki daga toka? Ruwan nan nasu ya gama cinye miki fata."

"Mama, bus zai wuce."

"Ya wuce. Miƙo hannu."

Ta mulke ni tas, har bayan kunne, ina ta tsalle-tsalle.

Kafin a shiga ruwa alƙaliyar wasa ta jera mu tana duba farce. Ta kama damtsena, hannunta ya zame. Ta sake kamawa, ya sake zamewa. Ashe doka ce, ba a shiga da mai a jiki. Coach ta nuna hoton da haɓa, ta ce saboda irinsu aka kafa ta, masu shafe jiki don kada a riƙe su.

Aka tura ni wanka. Duk wanda ya san man kaɗanya ya san ba ya jin sabulun bature. Ina dirza ina jiyo usur, ina dirza ina jiyo tafi. Kafin santsi ya bar ni in fito, 'yar Ghana ta riga ta jefa ƙwallo a raga. Ita aka ɗauka.

Da na koma flat na zayyane wa Mama komai a tsaye, ko jaka ban ajiye ba. Ta saurara, ta shafa hannuna.

"Kin ga yadda ya bushe? Ɗauko kwanon nan."

Na ɗauko, amma a jakar ninkayata na jefa shi. Tun ranar sai na fito daga ruwa nake shafawa, a bus, ina kaɗa ƙafa ina jiran wata ta bar team.