Motar Wendell da Tudun Titin Jirgi

Da na dawo garinmu a Ohio daga karatu, ban yarda mota kan zama fursuna ba, sai da na ga ta Wendell, tsohon mai walda. Shekara shida yana gyaran tsohuwar motarsa mai ƙaton inji, burinsa ta kwanta ƙasa-ƙasa. Ya sayo gajerun sifirin masu araha, ƙarafan da ke ɗage jikin mota daga ƙasa, bai gamsu ba, ya ƙara datse su. Ta yi kyau kuwa. Sai dai hanyar fita layinsu ɗaya ce, ta kan tudun titin jirgin ƙasa, nan cikinta ke maƙalewa.

"Tsoho, ka ƙera mana kujera mai ruri," in ji matarsa Loretta.

Na tambaye shi ko zai ɗaga ta.

"Da me, ɗana? Sifirin na asalin na sayar, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya tohowa."