Rigar Aikin Baba

Har yau ina jin haushin littafin nan. Sati uku bayan rasuwar Baba na saye shi, a hanyata ta dawowa daga kamfanin biskit da nake aiki a Bompai. Mai sayarwa ya ce labarin wata mata ce da mijinta ya rasu, wai duk wanda ya karanta sai ya yi kuka. Abin da nake nema ke nan. Tun ranar jana'iza Inna ba ta zubar da hawaye ba, ba ta magana sai amsa gaisuwa, abinci kuwa sai mun yi da gaske take kai loma biyu. Wallahi tsoro nake ji kada ta bi shi.

Ranar Lahadi ba aiki. Da safe, Inna tana ɗaki, na yi wanki, na haɗa har da rigar aikin Baba da ke rataye a ƙusa a zaure. Shekara da shekaru yana kamfanin fata a Challawa, kuma Inna ba ta taɓa yarda ya wuce zaure da rigar nan ba saboda wari. Sau uku na canza mata ruwa.

Bayan azahar na zauna kusa da Inna a tabarmar da take takaba, na fara karanta mata. Tun a shafukan farko raina ya soma ɓaci. Matar littafin suma take ta yi a kan kujerun alfarma, 'ya'yanta na saukowa daga jirgi, babu mai tunanin abin da za a dafa wa 'yan zaman makoki. Wannan ne rashin? Na daure na ci gaba, ina satar kallon Inna. Ko gezau.

Sai na zo inda matar ta rungume babbar rigar mijinta, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

"Rufe shi," in ji Inna.

Na rufe.

"Wadda ta rubuta wannan ba ta taɓa rashi ba. Turare ai na kowa ne. Ni kullum in kin fita aiki, zaure nake zuwa in sa fuskata a rigarsa. Shi ne nake iya yini."

Ta miƙe, na bi bayanta da littafin a hannu. Ba ta kai zaure ba. A tsakar gida ta tsaya, inda rigar take a igiya, ta bushe. Ta kama hannun rigar ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa, ta juya wuyan, ta zura hanci a aljihu.

"Kin wanke ta tas," ta ce, ba tare da ta dube ni ba.

A nan ta durƙusa ta yi kukan da na yi sati uku ina roƙon Allah ta yi.