Jinjina ga Matar da Ta Karɓe Wayar Babban Darakta

Ƙarfe bakwai da rabi take isa wurin aiki, kafin mai shara ta gama da barandar hawa na biyu. Ofishinta ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin injin kwafar takardu: tebur ɗaya, kabad mai ƙofar da ba ta rufuwa, fanka mai ƙara, sai ƙaton allo a bango da ta raba gida-gida, kowane gida da ranar bita da sashen da za a horar. Saboda allon nan aka laƙaba mata Mai Jadawali. Ita ke nemo zaure, ta ƙirga kujeru, ta gwada majigi, ta yi ta bin masu jawabi da waya har su gaji su ce to. Ranar bita kuwa manya ne a gaba ana ɗaukar hoto, ita tana can baya tana neman igiyar lasifika. Shekara talatin da biyu ke nan tana haka, kuma ritaya ta ƙarato. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa muka ga bai dace ta fice shiru ba.

Tana da wata ɗabi'a da abokan aiki ke yi mata tsiya a kai. Kafin ta rubuta jadawalin kowace bita, sai ta cire katin shaidarta, ta sauka zauren jama'a na ƙasa, ta zauna kan benci cikin masu jiran layi kwana uku cur.

"Anti, korar ki aka yi daga sama?" in ji masu zaman taga.

"Ku dai yi aikinku," take cewa. "Gani ya kori ji."

A bana hukumar da take wa aiki ta mayar da rajistar haihuwa da ta ƙananan sana'o'i kan intanet. Umarni ya zo mata ta shirya wa jami'ai arba'in bita a kan daidaito tsakanin maza da mata a wannan sabon tsari. A rana guda kuma sanarwa ta fito cewa taga ta shida, wadda ita kaɗai ta rage ana cike fom da biro, za a rufe ta ranar Juma'ar ƙarshen wata.

Tana kan bencin ne ta ga wata baiwar Allah da goyo a taga ta biyu, ta zo neman takardar haihuwar jaririnta. Jami'in ya nemi lambar waya, ta miƙa masa wata 'yar takarda da ta sha ninki.

"Lambar wa ce wannan?"

"Ta baban yara ce."

"To, saƙo zai shiga yanzu. Ki karanto min lambobi shidan da ke ciki. Minti uku gare ki."

"Ai wayar tana hannunsa. Direban babbar mota ne, yana kan hanya."

Ta ari wayar wata a layi ta kira, bai ɗaga ba. Aka sake turawa, ya ɗaga, amma kafin ya gama tambayar me ya kai ta ofis, lokaci ya ƙare. A karo na uku sabis ya ɗauke. Na'ura ta rufe rajistar, jami'in ya ɗaga kafaɗa ya ce ta je ta dawo da mijinta. Mai Jadawali ce ta tashi ta kama hannunta zuwa taga ta shida, inda tsohon akawun wurin ya gama mata komai cikin kwatan awa. A kwana ukun nan ta ƙirga waɗanda na'ura ta mayar: maza shida, mata arba'in da ɗaya. Ba don tagar nan ba, da dukansu sun koma gida hannu rabbana.

Ta rubuta rahoto ta kai wa shugaban sashenta. Mutumin ba mugu ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa, kuma a bayan idonsa Sai-an-duba ake kiran sa, don ba ya da wata amsa bayan wannan. Rahoto ya shiga aljihun tebur ya kwanta. Abin da dai ta samu shi ne sa'a ɗaya bayan shan shayi, bayan an gama jawabin maraba da jawaban fatan alheri da hoton taro. A gidan wannan sa'a ta rubuta "gwaji a aikace". Ta bayyana masa abin da take nufi, ya yi dariya ya ce ba laifi, tunda ƙananan jami'ai ne.

Saura kwana biyu sai labari ya sauya. Babban darakta da kansa zai buɗe taro, kuma zai zauna har azahar. Shi ne ya kawo sabon tsarin, shi ya sa hannu a kan rufe tagar. Shugaban sashe, wanda bai taɓa taka ƙarshen barandar nan ba, sai ga shi a ƙofarta yana haki.

"Malama, a cire gwajin nan."

"Ranka ya daɗe, an riga an buga jadawali, har an kai ofishin darakta."

"To ki tashi ki yi jawabi kawai. Ki ce mata iyayenmu ne, a tafa, a tashi. Kin ji ni?"

Ta ji shi sarai. Ba ta dai ce to ba.

Ranar bita da safe, maigidanta, tsohon malamin firamare da ya riga ta yin ritaya, ya ga ta sa kofin shayi a gaba har ya huce. Ya san zancen, don ba abin da take ɓoye masa.

"Sati bakwai fa ya rage miki," ya ce. "Fayil ɗinki fes, ko takardar tuhuma ɗaya babu. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

"Na sani, Malam. Amma in aka rufe tagar nan, ina matan nan za su?"

Can ya miƙe ya shiga kicin, ya juye albasar da ke cikin kwando, ya goge shi da tsumma, ya ajiye mata a gaba.

"Kin ce kwando kike buƙata. Ko an kore ki, ki dawo min da abina."

Bayan shan shayi ta miƙe a gaban zaure. Ta ce kowa zai yi wa kansa rajista a kwamfuta, kamar yadda jama'a ke yi. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya sa wayarsa a kwando, a kai ɗakin da ke kusa, inda tsohon akawun taga ta shida zai zauna a matsayin maigida mai riƙe da waya. Wanda saƙonsa ya shiga sai ya ari wayarta da ke kan tebur, ya kira, ya roƙi lambar.

Shugaban sashe ya yi ta harararta har idonsa ya kusa faɗowa. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ɗauki kwando, kuma maimakon ta fara daga baya, sai ta nufi kujerar tsakiya ta sahun gaba.

Babban darakta ya dube ta ta saman tabarau. "Har da ni?"

"Ranka ya daɗe, kai ne uban taro. In ba ka sa ba, ba wanda zai sa."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya jefa wayar cikin kwandon albasa. Sauran suka bi, jiki ba ƙwari. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne darakta ya miƙe ya ce shi zai fara. "A haska a majigi kowa ya gani," ya ce. "Aikin minti biyu ne." Ta so ya kalla ne kawai, ba ta so ya sha kunya a gaban na ƙasa da shi ba. Amma bakin alƙalami ya bushe.

Ya cike fom cikin sauri, ya danna. Agogon minti uku ya bayyana a bango, ƙato, yana raguwa. Ya ɗauki tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi ya kira lambarsa. Ta yi ta ringi har ta katse, domin haka Mai Jadawali ta umarci akawu: ya yi daidai abin da ta gani a benci, ba ƙari ba ragi. Lokaci ya ƙare.

Ya sake. Wannan karon aka ɗaga, kuma wayar a buɗe take, kowa na ji. Akawun bai san wa ke kira ba, wayoyi sama da arba'in ne a gabansa.

"Wai me ya kai ki ofis? Tuƙi nake yi! Wace lamba kuma? Me za ki yi da ita?"

"Ni ne darakta," in ji darakta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Aka ji wani abu ya faɗi a ɗakin can. Kafin bawan Allah ya dawo hayyacinsa, minti uku sun tafi. Ba wanda ya yi dariya. Wani jami'i ya ce shi dai cinyarsa ya yi ta mintsini don kada dariya ta kufce masa.

Saura gwaji ɗaya. Mai Jadawali tana tsaye jikin bango, tana tuna fayil ɗinta. Akawu ya lalubo tabarau, ya fara karantowa da rawar murya. Bakwai. Biyu. Tara, a'a, huɗu ne. Yana kan ta huɗu allo ya koma ja: an rufe wannan rajista, a tuntuɓi ofis.

Darakta ya juya ga injiniyan da ke kula da manhajar. "Buɗe min."

"Ranka ya daɗe, daga nan ba ta buɗuwa. Sai mutum ya je taga ta shida da kansa."

"To sai a je."

"Yau dai tana nan, ranka ya daɗe," in ji Mai Jadawali. Ita kanta ta yi mamakin yadda muryar ta fito. "Ranar Juma'ar ƙarshen wata za a rufe ta. Mata arba'in da ɗaya na gani cikin kwana uku a tsaye inda kake tsaye yanzu. Yawancinsu ba su da wayar kansu. Ta miji ce, ko ta wa, ko ta maƙwabci."

Darakta ya haɗe girar sama da ta ƙasa. "Me ya sa ban ga wannan a rubuce ba?"

Gumi ya jiƙa wuyan rigar shugaban sashe. Kalma ɗaya ta ishe ta ta gama da shi. Ta dubi ƙasa ta ce, "Rahoton yana kan hanya, ranka ya daɗe."

Darakta ya ce a kawo masa wayarsa. Ya karɓa, ya fita, bai ce a ci gaba ba, bai ce a tashi ba. Ita ce ta share fuska ta ce wa sauran, "Na gaba." A cikin jami'ai arba'in ɗin, bakwai ne kawai suka samu shiga.

Kwana tara ba a ji komai ba. Masu zuwa ofishinta hira suka ɗauke ƙafa. Tana sauka zauren ƙasa ta ga sanarwar rufe taga tana nan manne, ta hau sama jiki a sanyaye. Ranar Alhamis, ana gobe za a rufe, masinja ya ajiye mata takardu biyu a tebur. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta taɓa.

Ta farko daga ofishin darakta take. Taga ta shida za ta ci gaba da aiki. Duk wanda ba shi da wayar kansa za a buga masa lambarsa a takarda nan take a taga. Gwajin kwando kuma ya zama dole a kowace bita. An yaba wa "kwamitin da ya yi hangen nesa". Wane kwamiti? Mun bincika, ba mu ga ko kujerarsa ba.

Ta biyu daga shugaban sashe take, mutumin da ta rufa wa asiri a bainar jama'a. Takardar tuhuma ce, kan saɓa umarnin na gaba. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba, har ta rufe ƙofa ta yi kuka. Mu ma ya yi mana ciwo, domin a duk wannan al'amari ita ce kaɗai takardar da ke ɗauke da sunanta.

To, Mai Jadawali, ga tamu takardar. Ke ce kika sauka benci lokacin da kowa ke neman kujerar sama. Ke ce kika ji tsoro, kuma tsoron bai hana ki miƙa kwando ba. Uwar masu layi, mai gani kafin ta tsara, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka, ke da malamin da ya juye albasarsa.

Ku kuma masu tsara wa jama'a hanya daga kan tebur, kafin ku sa hannu a rufe wata ƙofa, ku miƙa wayarku ga wani, ku gwada shiga. In kun kasa, ku tuna akwai wadda ta fi ku nisan gida, ga goyo a baya.

Da maigidanta ya karanta takardar tuhumar, sai ya tambaye ta ko za ta rubuta ban haƙuri a cire mata ita kafin ta tafi. Ta ce a'a, a bar ta a fayil. Ranar Litinin da ta biyo baya, mata goma sha tara aka yi wa rajista a taga ta shida kafin azahar, kuma ba wadda aka ce ta je ta dawo da mijinta.