Wutsiyar Ragon Kakata Hure

Kakata Hure a bayan takarkari ta girma. Tun tana yarinya ake ɗora ta tsakanin ƙore da tabarmi, a bi shanu daga wajen Gwashi zuwa fadamun Gummi, a dawo in ruwa ya sauka. Ba ta san sunan hanya ko ɗaya ba, amma ta san kowace tsamiya da kowace rijiya. A iya saninta kuma ba a wuce mutum a hanya sai an tsaya an tambayi lafiyar gida da ta shanu.

Ƙanwarta Zulai ta auri manomi a Gummi ta zauna. Abu guda suka riƙe gam: wutsiyar ragon layya. A busar da ita a adana, ran cika-ciki, goma ga Muharram, a dafa su ci tare har su ƙoshi. Bana a ɗakin wannan, baɗi a ɗakin waccan. Sau da yawa sukan manta wa ke da zuwa, kowa ta kama hanya, su yi kiciɓis a gindin wata tsamiya, su sha gardama, sannan su nufi gida ɗaya.

Bara ƙafar Kaka ta gaza. Zulai kuma ta tashi daga doguwar jinya, Kaka ta ce ko da rarrafe sai sun ci wutsiyar nan tare. Ni na raka ta, kuma na ji jiki. Daga Gwashi mashin ya kai mu bakin kwalta, muka shiga mota, karonta na farko. Duk wanda ta hango sai ta yi masa sallama, kafin ta rufe baki ya ɓace.

"Ɗan nan, mi kaka gudu? Wa ab biye da mu?" ta tambayi direba.

"Haka aka tahiya yanzu, Inna."

"Mun wuce tsamiyar?"

"Wace tsamiya?"

Da muka iso ta ƙi sauka. Wai ba Gummi ba ce, Gummi ba ta kusa haka. Sai da na haɗa da rantsuwa.

A gidan, Salamatu matar ɗan Zulai ta tarye mu baki buɗe.

"Ai Inna ta tahi wurinki tun da sahe, da tata wutsiya cikin ƙwarya. Ta ce bana ita ad da zuwa."

Kaka ta dube ta, ta dube ni.

"Hanya guda ta hwa. To ina munka wuce juna?"

Sai a lokacin na tuna wata mota da ta gifta mu kamar walƙiya, da wata tsohuwa a jikin taga rungume da ƙwarya. Na faɗa mata, da na sani ban faɗa ba.

"Kin gan ta, ba ki ce a tsaya ba?"

Haushin motar ya kama ni, da na kaina. Yamma ta yi, babu mai komawa. Aka dafa wutsiyar da muka zo da ita, Kaka ta taɓa kaɗan ta rufe sauran.

Da safe na ce mu koma mu sami Zulai. Ta gyara zama a bakin ƙofa.

"In na tashi, ita ma ta taso, mu sake wuce juna. Nan zan jira ta."

Can Gwashi kuma, daga baya muka ji, Zulai ta faɗi haka nan, ta shimfiɗa tabarma ta zauna.