Rariyata da Bawul ɗin Tarakta

Ina sallar walha na ji ƙwal, ƙarar rariyata da aka zare daga ƙusar madafa. Ba halin magana. Kafin in sallame, maigida ya fice da ita.

Ruwan shuka ya sauka a daren jiya, gonarmu ta wajen Tozai tana jiran huɗa, kuma a ƙasarmu mai yashi laima ba ta jiran kowa. Tsohuwar taraktar da ya gada kuwa tana yoyon man hadirolik, man da ke ɗaga garma ya sauke ta. Sai ya tari wanda ya zuba a kwano, ya tace da rariyar da nake tankaɗen garin gero, ya mayar ciki. Ya dawo mini da ita baƙa ƙirin, wai in wanke da omo.

Ban gama wankin ba na ji tarakta tana gurnani a ƙofar gida. Ya ja sandar ɗagawa, garma ta yi zamanta a ƙasa. Ya sake ja, ya bubbuga da sifana, ya zagi wanda ya ƙera ta. Rana tana ta shanye laima.

Bayan azahar aka ɗauko bakanike daga garin Isa a kan babur. Ya kwance bawul ɗin, wato ƙarfen da ke raba wa man hanya, ya baje hanjinsa a zaure bisa tirena na baƙi. Shi ma ba a tambaye ni ba. Ina daga bayan labule ina kallo, ina istigfari don kada bakina ya kuɓuce.

Aka aiko a karɓi allurata. Bakanike ya soka ta cikin wani rami da bai kai ƙwayar gero ba, ya zaƙulo wani abu fari mai danƙo, ya shinshina.

"Alhaji, mi ka ba ta? Wanga ai ƙullu ne!"

"Ƙura ce," in ji maigida.

"Ƙurar da za a dama kunu da ita? Awo, taraktarka ta ƙoshi."

Maigida bai ɗago kai ba. Sai kuma ya ba ni tausayi. Tun asuba bai sa komai a bakinsa ba, ga gumi ya jiƙa masa riga. Na dama fura na aika musu, ina damawa ina mita.

Suka wanke kayan da kananzir, suka mayar. Sai dai duk man da ke cikin tarakta ya gurɓace, sabon da bakanike ya zo da shi kuma bai kai rabi ba. La'asar ta gota. Na shiga madafa ina tunanin yadda za ni tankaɗe garin tuwo da rariyar da har yanzu ke warin gareji, sai ga ƙaramar ɗiyata da gudu.

"Inna, Baba ya ce garma ta fara motsi, in an ƙara mai za ta tashi. Wai ki ba shi ƙyallen da kike tace koko."