Ramin Kwaɗo a Garin Kaka

Bayan gidana, a unguwar Zariya ta Maraɗi, akwai tafki. Tun bara ake zuba masa shara da ɓaraguzai domin a yanka filaye a wurin. Gidana ne mafi kusa da shi, kuma a gangare yake. Duk ranar da na ga amalanke ta juye kaya a bakinsa, sai in tuna kakata Dije da tsakar gidanmu na Tsibiri.

Kaka ba ta fara tatsuniya sai an bi tsari. Da farko a ci tuwo, a wanke hannu. Sannan ta ja tabarma kusa da murhu, ta tura kara a wuta. Daga nan ta raba mana dabbobi. Yayata Rabi shamuwa ce, ƙanena Sale bushiya, 'ya'yan kawu su ɗauki jaki da jemage. Ni kullum kwaɗo. In na ɓata rai sai ta ce, "Angona, dubi idanunka ka faɗa mini wa zan ba in ba kai ba."

Sai mu jiƙa ƙasa mu gina gari a gabanta: gidaje, masallaci, kasuwa, har da hanyar Maraɗi. Dokarta ita ce kowa ya nema wa dabbarsa makwanci kafin ya gina ɗakin mutum. Rabi ta kafa reshe a ƙasa ya zama itacen shamuwa. Sale ya tara ƙaiƙayi a gindin danga. Mai jaki ya yi ta gardama a faɗaɗa hanya. Ni aikina in haƙa rami a tsakiya, in hana kowa gini a ciki. Wurin kuwa kowa na sonsa, don haka kullum ni ne abokin faɗan jama'a.

Sai gari ya tsaya take gyara murya ta ce tatsuniya ta iso ƙofar garinmu, mu kuma mu ce ta shigo.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta mutanen da kukan kwaɗi ya hana barci. Suka taru suka cike tafkinsu, suka gina rumfuna a kai. Kwaɗi suka yi sallama suka tafi. Da bazara ta yi, shamuwa ta zo ta zagaya, ba ta ga abin ci ba, ta wuce, mutane suka rasa mai faɗa musu lokacin gyaran gona. Bayan haka sauro ya yawaita. A ƙarshe ruwa ya iso, baƙon da ya saba sauka a gidan kwaɗo kowace shekara. Ya yi sallama, aka ce mai masaukinsa ya tashi. Sai ya ce ba komai, zai kwana wurin maƙwabta.

Tana kaiwa nan sai ta ɗauki ƙwaryar ruwan wanke-wanke ta tuttule a kan garinmu. In ramina na nan, ruwan ya gangara ciki, gidaje su tsaya. In kuwa an fi ƙarfina, kamar ranar da Sale ya danne ni ya kafa shago a wurin, sai mu ga masallaci da kasuwa suna narkewa a hasken wuta. Ba ta yin faɗa, ba ta yin bayani. Abin da take cewa kawai, "Ku kwashe gawar garinku, in samu wurin alwala."

Da aka fara cike tafkinmu na yi magana a taron unguwa. Na jera musu abin bi da bi: inda ruwan lungunanmu ke bi, inda yake kwanciya, da gidajen da zai nufa in ya rasa wurin. Wani saurayi ya ce, "Baba, kai wakilin kwaɗi ne?" Aka yi dariya. Na ce masa haka ne, tun ina yaro aka naɗa ni. Wanda ya sayi wurin ya ce za a haƙa magudana. Har yau ban ga an sari ƙasa ba.

A daminar bana baƙon ya zo. Ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa da la'asar, kafin magariba katangar madafa ta kwanta. Iyalina suna Jiratawa wurin ɗiyata, ni na zauna gadin abin da ya rage.

Ina yaro na ɗauka Kaka tausayin dabbobi take koya mana. Sai da na tsaya cikin ruwa har gwiwa a ɗakina na gane ramin da take sa ni tsarewa shi ke riƙe da ɗakunan kowa. Na kasa kunne wajen tafki, ko zan ji wanda na wakilta. Ba kwaɗo ko ɗaya. Ƙarar ruwa kawai nake ji, yana neman inda zai kwanta.